Yadda Hoto Ya Rage Nauyi Har Ya Iso Batsari da Safana

A watan Satumba na shekarar 2021, gwamnatin Jihar Katsina ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana da maƙwabtansu Jibiya da Ɗanmusa, waɗanda ke bakin dajin Rugu. An yi haka ne don a raba 'yan bindiga da masu kai musu bayanai, kamar yadda Zamfara ta yi a farkon watan. Sai cikin Disamba aka fara maido da sabis, kuma ƙananan hukumomin bakin daji su ne na ƙarshe a layi.

A waɗannan watanni hoto ya koma tafiya a mota. Wanda ke son tura takardar asibiti ga ɗan'uwansa a Kaduna, ko hoton katin ɗan ƙasa ga mai cike masa fom, sai ya sa waya a aljihu ya nufi Katsina ko wani garin da ke da sabis. Da layi ya dawo, a ƙauyuka da dama harafin E ne dai ya ci gaba da fitowa a saman waya, alamar tsohon layi mai tafiyar hawainiya. Duk da haka hotuna suna shiga suna fita ta wannan siririyar hanya. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa yana da tarihi na sama da shekara 50, tarihin mutanen da suka yi ta neman amsar tambaya guda: me za a iya zubarwa daga jikin hoto ba tare da ido ya gane ba?

Nawa ne nauyin hoto?

Hoton da ke cikin waya taron ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Kyamarar da aka rubuta wa megafiksel 12 tana ɗaukar ɗigo 4,000 a kwance, 3,000 a tsaye, jimla miliyan 12. Kowane ɗigo yana buƙatar lambobi uku: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi. Idan aka adana su yadda suke, hoto ɗaya zai kai megabait 36. A layin E da ke jan kamar kilobit 100 a daƙiƙa, tura shi zai ci minti 48, in layin bai yanke ba. Da wayar ta matse shi zuwa megabait 3, sai ya koma minti 4. Da manhajar hira ta ƙara matse shi zuwa kilobait 150, sai ya koma daƙiƙa 12. Tsakanin minti 48 da daƙiƙa 12 ne labarin nan yake.

Matsewa iri biyu ce. Akwai wadda ba ta zubar da komai, kamar a ninke zane a sa a akwati; in an warware zai dawo yadda yake. Akwai kuma mai zubarwa, kamar a shanya tumatir ya zama kauɗa: buhu ya yi sauƙin ɗauka, miya kuma za ta yi, amma ko an jiƙa shi ba zai koma ɗanye ba.

Damuwar ta girmi kwamfuta. A farkon shekarun 1920 jaridu sun riƙa tura hotuna tsakanin Landan da Niyok ta wayar ƙarƙashin teku da wata na'ura mai suna Bartlane. Hoton da jirgin ruwa kan yi fiye da mako kafin ya kai, ya koma isa cikin ƙasa da awa uku, amma da matakin haske biyar kacal tsakanin fari da baƙi. Tun daga nan cinikin ya fito fili: a rage kyau, a sami sauri.

A garuruwanmu kuwa, har zuwa ƙarshen shekarun 1990, hoto abu ne na takarda. Mai hoto yakan zagaya ranar Sallah ko biki, ya jira fim ɗinsa mai ɗaukar hoto 24 ko 36 ya cika, ya kai birni a wanke, sannan ya dawo ya raba. Abin lura shi ne yakan ajiye nagatif. Ko bayan shekaru aka nemi wani kwafi, daga asali ake sake wanko shi. Mu riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Dabarar da aka raina

A shekarar 1972 wani malami haifaffen Bangalor a Indiya, Nasir Ahmed, yana koyarwa a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, ya nemi tallafin bincike a kan wata dabarar lissafi. Aka hana shi, bisa hujjar cewa dabarar ta yi sauƙi da yawa. Ya ci gaba da aikin tare da ɗalibinsa T. Natarajan da abokinsa K. R. Rao, suka wallafa sakamakon a watan Janairun 1974. Dabarar, wadda ake taƙaita sunanta da DCT, tana rarrabe abin da ke cikin hoto zuwa manyan siffofi da ƙananan ƙyale-ƙyale, yadda za a iya riƙe na farko a saki na biyu.

A kanta aka gina JPEG. An kafa kwamitin masana da ke ɗauke da wannan suna a 1986, aka amince da tsarin a 1992. Yana aiki mataki-mataki. Da farko yakan raba haske da launi, domin idon mutum ya fi kula da bambancin haske da duhu fiye da na launi. Saboda haka yawanci akan zubar da kashi uku cikin huɗu na bayanan launi ba wanda ya lura. Sannan a yanka hoton gida-gida, kowane gida ɗigo takwas a kwance takwas a tsaye, a bi kowanne da lissafin Nasir Ahmed, a tankaɗe ƙananan bayanai. Lambar inganci da ake gani a manhajojin gyaran hoto, 90 ko 70 ko 40, ita ce faɗin idon rariyar. In an matsa da yawa, sai gidajen nan su fito fili, fuska ta zama kamar an jera bulo. Duk wanda ya taɓa karɓar hoton da ya sha yawo a guruf-guruf ya san wannan kama.

Akwai wani reshen tarihin. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, kamfanin CompuServe ya fitar da GIF, wanda Steve Wilhite ya jagoranci ƙirarsa. Launi 256 kawai yake ɗauka, amma ya dace da layukan tarho na lokacin. A ƙarshen Disambar 1994 aka sanar cewa dabarar matsewar da ke cikinsa mallakin kamfanin Unisys ce, kuma masu rubuta manhaja za su biya kuɗin lasisi. Cikin 'yan makonni wasu masu sa kai, ƙarƙashin jagorancin Thomas Boutell, suka fara ƙera madadinsa da ba na kowa ba. Shi ne PNG, wanda aka amince da shi a Oktoban 1996. Ba ya zubar da ko ɗigo ɗaya, shi ya sa ya fi dacewa da rubutu da zane da tambari, amma yakan yi nauyi sosai in aka sa masa hoton kyamara. Rigimar GIF ta bar darasin da ya bi duk tsare-tsaren da suka biyo baya: ƙanƙanta kaɗai ba ta isa ba, sai an tambayi wa ke da tsarin, kuma wa zai biya.

Lokacin da hoto ya shiga aljihu

A Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki, ana biyan naira 50 a minti. Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Sannu a hankali turakun sabis suka bar manyan birane suka iso hedikwatocin ƙananan hukumomi, wayoyi masu kyamara kuma suka biyo baya.

Shekarun farko hoto bai dogara da intanet ba. Daga waya zuwa waya yake bi ta Bluetooth, ko ta memori a rumfar masu caji da turin waƙoƙi da finafinai, daga baya kuma ta Xender. Wannan hanya tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: fayil yakan wuce yadda yake, ba a taɓa shi.

Wanda ya fara buɗe wa talaka intanet a waya shi ne Opera Mini, burauzar wani kamfani na ƙasar Nowe da aka saki ga duniya a Janairun 2006. Kafin shafi ya iso wayarka, sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin su matse shi, har da hotunan. A cikin saiti kuma kai ke zaɓar ingancin hoto, ƙasa ko tsakiya ko sama, ko ka kashe shi gaba ɗaya. Najeriya ta daɗe cikin ƙasashen da suka fi amfani da ita. A 2010 Facebook ya fito da shafinsa na kyauta mai rubutu zalla, wanda sai ka biya data kafin ka ga hoto. Matasan wancan lokaci sun san yadda ake karanta sharhi ɗari a ƙarƙashin hoton da ba a gani ba.

A Satumban 2010 Google ya fitar da WebP. Asalinsa daga fasahar bidiyo ce mai suna VP8, wadda Google ya mallaka bayan ya sayi kamfanin On2 a farkon shekarar. Sabon abin da ya kawo shi ne hasashe: maimakon a bayyana kowane gida daga tushe, sai a duba gidajen da ke maƙwabtaka da shi a yi kirdadon kamarsa, a adana bambancin kawai. Sararin sama ko bangon laka ba sa sauya launi da yawa daga gida zuwa gida, don haka abin adanawa kaɗan ne. Google ya ce hotunan WebP sun fi na JPEG ƙanƙanta da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari a inganci iri ɗaya, nau'insa mara zubarwa kuma ya fi PNG ƙanƙanta da kashi 26.

Yanayi irin namu ya taimaka wajen tura shi gaba. A 2014 injiniyoyin Facebook suka bayyana cewa wata tawagarsu ta zo Afirka ta gwada manhajarsu ta Android a kan wayoyi da layukan da jama'a ke amfani da su, datar wata guda ta ƙare musu cikin minti 40. Cikin gyare-gyaren da suka yi bayan sun koma har da mayar da hotuna zuwa WebP da daina aika wa ƙaramar waya babban hoto, suka ce cin data ya ragu da rabi. A 2015 suka fitar da Facebook Lite don wayoyi masu ƙaramin ƙarfi. Sitikar WhatsApp da aka fara a Oktoban 2018 ma WebP ce. Ke nan duk wanda ya taɓa tura sitikar barka da Juma'a daga Runka ko Ruma ya yi amfani da tsarin, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Sai dai karɓuwarsa ta ɗauki shekara goma. Firefox bai fara buɗe WebP ba sai Janairun 2019, Safari na Apple kuma sai Satumban 2020. A tsakanin nan Apple ya bi tasa hanyar: daga 2017 wayoyin iPhone suka koma adana hoto a tsarin HEIC, wanda ke kan fasahar bidiyo mai kuɗin lasisi. Don kauce wa irin wannan biya, kamfanoni bakwai, ciki har da Google da Netflix da Mozilla da Microsoft da Amazon, suka haɗa ƙawance a 2015, suka fitar da fasahar bidiyo ta AV1 a 2018. Daga cikinta aka ciro AVIF a 2019, wanda a hotuna da yawa yakan fi WebP ƙanƙanta, ko da yake haɗa shi ya fi cin lokaci da ƙarfin na'ura. Chrome ya karɓe shi a 2020, Firefox a 2021, Safari a 2022.

Yawan tsare-tsaren nan shi ya haifi sana'ar juya hoto daga wani zuwa wani. Ɗalibi ya sauko da hoto daga intanet ya tarar WebP ne, shafin makaranta ya ce JPEG kawai yake karɓa, kuma kada ya wuce kilobait 50. Yaya ya turo takarda daga iPhone, kwamfutar shagon cike fom ta kasa buɗewa. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba: a Mayun 2020 wasu ɗalibai a Amurka sun kasa miƙa amsoshin jarrabawa da suka rubuta daga gida saboda shafin bai karɓi hotunan HEIC ba. Bambancin shi ne, ga mutumin ƙauyen Safana, kowane gwaji da ya faɗi kuɗin data ne, wani lokaci har da kuɗin mota. Tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane kilobait ya ƙara tsada.

Abin da ake zubarwa

Gani ya kori ji, in ji Hausawa. Amma hoton da ya iso hannunmu ya riga ya bi ta rariya, wani lokaci fiye da ɗaya. Abu uku ne kan salwanta a hanya.

Na farko shi ne ƙananan bayanai. Duk juyin da aka yi tsakanin tsare-tsare masu zubarwa, daga JPEG zuwa WebP, daga WebP a koma JPEG, sabuwar tankaɗa ce a kan garin da aka riga aka tankaɗe. Haka in aka ɗauki hoton fuskar waya aka sake turawa. Fuskar mutum takan jure, amma siririn rubutu shi ke fara mutuwa: lambar asusu, adadin ƙwayar magani a takardar likita, kwanan wata a takardar gona. A 2013 wani masanin kwamfuta a Jamus, David Kriesel, ya gano cewa wasu injinan kwafin takardu na Xerox suna musanya lambobi, 6 ta koma 8, saboda dabarar matsewar da ke cikinsu tana ɗaukar siffofi masu kama da juna a matsayin abu ɗaya. Takardar takan fito tsaf, babu alamar an taɓa ta. Kamfanin ya amsa matsalar ya fitar da gyara.

Mu ma mun ga ranar da ƙasa ta rataya a kan hoton takarda. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, na'urar BVAS ce ke ɗaukar hoton takardar sakamakon kowace rumfa ta ɗora a shafin IReV, inda babu sabis kuma sai an matsa zuwa inda yake. An sami jinkirin ɗora sakamakon shugaban ƙasa, wanda hukumar zaɓe ta danganta da tangarɗar na'ura, wasu hotunan kuma suka fito dishi-dishi har batun ya je gaban kotu. Dishi-dishi na iya zuwa daga rawar hannu ko ƙarancin haske. Abin da ranar ta nuna dai shi ne, in ba a iya karanta lambar da ke jikin hoto, an rasa hujjar da aka ɗauke shi dominta.

Na biyu shi ne shaidar asali. Kyamarar waya takan rubuta wasu bayanai a ɓoye cikin fayil, waɗanda ake kira EXIF: rana da lokaci, irin wayar, wani lokaci har da wurin da aka tsaya. WhatsApp da Facebook sukan cire su daga hoton da mai karɓa zai samu. Wannan wuƙa ce mai kaifi biyu. A yankin da zargin kai rahoto kan jawo wa mutum kisa, cire wurin da aka ɗauki hoto kariya ce ga wanda ya ɗauka. Amma shi ne kuma ya sa tsohon hoto daga wata jiha, ko wata ƙasa, kan dawo da sabon suna a ce harin jiya ne, a tayar da hankalin masu 'yan'uwa a gida, babu abin da za a duba a ƙaryata.

Na uku shi ne asalin kansa, kuma ya fi sauran tsada. Waya ta cika, sai a goge hotunan kyamara, a bar waɗanda ke cikin hira tunda ai suna nan. Wayar ta lalace ko a sayar da ita, sai a roƙi wani ya turo nasa kwafin. A haka nagatif ɗin zamaninmu ke ɓacewa, a bar kwafin kwafi.

Abin da ya rage a hannunmu

Mai binciken tarihin ƙasar Katsina na zamanin Turawa yana da inda zai je: Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Wanda zai rubuta tarihin Batsari da Safana na shekarun nan fa? Harin da aka kai Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum 30, da ƙauyukan da aka tashi, da iyalan da suka yi zaman gudun hijira a makarantu da gidajen dangi, da gonakin rogo da gero da aka bari, da waɗanda suka koma suka sake gini: mafi yawan shaidar wannan duka tana cikin wayoyin mutanen da abin ya shafa. Fuskokin waɗanda aka rasa ma a can suke. Akwai marayun da hoton mahaifinsu ɗaya tak ya rage, shi ma wanda ya bi ta guruf uku kafin ya iso.

Mu masu rubuta manhaja muna da namu nauyin. Shafin da ke neman hoto daga jama'a ya kamata ya karɓi duk tsarin da wayar mutum ta bayar, ya yi juyin da kansa, maimakon ya kori mai nema ya je ya nemi mai rage masa. Shafin da ke nuna hoto kuma ya aika wa kowace waya gwargwadon faɗin fuskarta, AVIF ko WebP ga wadda ke iya buɗewa, JPEG ga wadda ba ta iyawa. Kayan yin haka kyauta suke, an kuma daɗe da sanin su.

Ga mai waya kuwa, ƙa'idojin ba su da yawa. Sauya sunan fayil daga wani tsari zuwa wani ba ya juya shi. In za a rage hoto, a fara rage faɗinsa kafin a taɓa inganci, kuma a yi daga asali, sau ɗaya. Takarda mai rubutu ko lamba, a tura ta a matsayin fayil, ko a zaɓi alamar HD da WhatsApp ya ƙara a 2023, a tuna kuma cewa fayil yana tafiya da bayanansa na ɓoye, don haka sai ga wanda aka amince da shi. Katin ɗan ƙasa da takardun banki, a guji ɗora su a shafukan juya hoto da ba a san masu su ba. Akwai irin Squoosh, da Google ya fitar a 2018, da ke yin aikin a cikin wayar ba tare da hoton ya fita ba.

Sannan a ware hotunan da ba za a so a rasa ba, na iyaye da na gida da na gona da na takardun gado, a kwafe su yadda kyamara ta ɗauke su zuwa memori, a ba wani ɗan'uwa da ke wani garin kwafi na biyu, a rubuta suna da wuri da shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙaramin kwafi shi ne na turawa, ya je duk inda layi zai iya kai shi. Babban kuwa a ajiye shi yadda mai hoto ke ajiye nagatif.